Hannu Ko Ƙafa: Ta Wace Ƙofa Ake Shiga Kiɗan Gargajiyar Arewacin Turai?

A ranar Larabar farko ta watan Yuli, ƙauyen Bingsjö da ke lardin Dalarna na ƙasar Suwidin yakan cika ya batse. Tun 1969 ake wannan taro. Masu goge sukan zo daga kusa da nesa, su tsaya gungu-gungu a gindin itatuwa da bayan gidaje, wannan ya ɗauko kiɗa wancan ya karɓa, babu sanƙira, babu mai kiran suna. Da yake a wannan lokaci daren ƙasar ba ya yin duhu sosai, in yamma ta yi sai a koma rumfunan katako da ake sussuka a cikinsu a da, a yi ta rawa bibbiyu har gari ya waye. Baƙon da ya faɗo wurin, in abin ya shiga ransa, ɗayan biyu ne: ko idonsa ya kafe a kan yatsun makaɗi, ko ya sauka a kan ƙafafun masu rawa. Daga nan ne tambayar mai son koyo take tasowa. Ya fara da hannu ne, ko ya fara da ƙafa? Kowace ƙofa da masu yabonta, kowace kuma da kuɗin shigarta, don haka ya dace a jera su a duba kafin a ce ga wadda ta fi.

Da farko dai a san abin da za a auna. Uwar kaɗe-kaɗen gargajiyar Suwidin ita ce polska, mai bugu uku-uku. Ma'anar sunan "ta Polan", kuma ana danganta shigowarta da ƙarshen ƙarni na 16, zamanin da Sarki Sigismund ya haɗa gadon sarautar Polan da na Suwidin daga 1592 zuwa 1599. A Norwe 'yan'uwanta su ne pols, wadda garin Røros ya yi suna da ita, da springar ta kwaruruwan Telemark da Valdres da Hallingdal. Waɗannan su ne tsofaffin hannu; sai daga baya wals da polka da schottis suka shigo, akodiyon na biye da su. Abin kiɗan da ya fi yawa shi ne gogen Turawa mai tsirkiya huɗu, amma kowace ƙasa da abin alfaharinta. Norwe tana da hardingfele, goge mai ado da zanen tawada, wanda ƙarƙashin tsirkiyoyinsa huɗu akwai wasu huɗu ko biyar da izga ba ta taɓa su, aikinsu kawai su amsa in na sama sun yi magana, kamar 'yan amshi a bayan mawaƙi. Suwidin kuwa tana da nyckelharpa ta lardin Uppland, goge mai maɓallan katako, wadda irinta ta yau take da tsirkiya 16, guda 12 daga ciki 'yan amshi ne.

Mu fara da ranar farko. Wanda ya zaɓi hannu zai fara da taɓa aljihu, domin sai ya mallaki goge ko ya yi aro, ga shi hardingfele da nyckelharpa galibi masassaƙi ne ke zama ya ƙera su ɗaya bayan ɗaya. Bayan kuɗi sai haƙuri. Wuyan goge ba shi da alamar inda yatsa zai sauka, kunne ne kaɗai alƙali, kuma abin da ke fitowa a watannin farko ya fi kama da kukan tsohon ƙyaure. Mai hardingfele yana da ƙarin aiki: jakin gogensa ya fi na gogen da aka saba shimfiɗuwa, don a riƙa guga tsirkiya biyu lokaci guda, ga kuma hanyoyin ɗaure tsirkiya fiye da 20, kowane rukunin kiɗa da irin ɗaurinsa. Mai nyckelharpa ya ɗan sami sauƙi, tunda maɓalli yana ba shi sauti daidai tun ranar farko, amma sauƙin na hannun hagu ne kawai. Hannun dama mai riƙe da izga, can ne ran kiɗan yake, shi kuwa ba ya son gaggawa.

Wanda ya zaɓi ƙafa kuwa jarinsa takalmi ne mai santsin ƙasa, wanda zai bar shi ya juya a kan daɓen katako. A darensa na farko zai iya koyon schottis ya shiga sahu, a yi dariya da shi, ya koma gida yana jin ya yi abin kai. Sai dai wannan sauƙi yana da iyaka, iyakarsa kuwa juyin polska. Mutum biyu za su riƙe juna, kowa ƙafarsa ta dama tana tsakanin ƙafafun ɗaya, su yi cikakken juyi guda a cikin bugu uku, suna juyawa ta dama alhali dukan masu rawa suna kewaya ɗakin ta hagu. A ire-iren polska da yawa namiji yana taka hagu, sai duka biyu, sai dama. Mace kuwa duka biyu, sai dama, sai hagu. Jeri ɗaya ne, amma ba a wuri ɗaya suka kama shi ba, kuma wannan saɓanin shi ke juya su. A baki abin ba wuya. A daɓe kuwa jiri ne da tuntuɓe da take ƙafar mutane na tsawon makonni. Ke nan hannu yana nuna wahalarsa tun a soro, ƙafa kuwa sai ta bari ka shiga tsakar gida sannan ta fito maka da tata.

Sai batun malami. A nan makaɗi yana da gatan da mai rawa ba shi da shi, wato salsala. A Suwidin ba kasafai kiɗa yake da suna irin na waƙa ba. Akan ce "polska efter wane", wato polskar da aka karɓo daga wane. Haka ma a Norwe, da kalmar etter. Duk wanda ya zauna a zaure ya ji ana cewa na karanta littafi kaza a wajen malam wane, shi kuma ya karanta a wajen wane, zai gane wannan tsari ba sai an yi masa tafinta ba. Ta haka sunan Byss-Calle na Älvkarleby, wanda ya rasu a 1847, da na Myllarguten na Telemark, wanda ya rasu a 1872, da na Hjort Anders na Bingsjö, wanda ya kai 1952, suke bakin yara masu koyo har gobe. Hanyar koyarwar ma ba ta sauya sosai ba: malami ya guga gaɓa ɗaya, almajiri ya maimaita, a sake, a kuma sake, har ta zauna. Ga kuma rubutu a matsayin madogara. Nils Andersson da Olof Andersson sun tattara kaɗe-kaɗe kusan 8,000 a cikin Svenska låtar, juzu'i 24 da suka fito tsakanin 1922 da 1940. Mai koyon goge, ko a ina yake, yana da rumbun da ba zai iya cinyewa ba.

Rawa kuwa sunan gari take ɗauka: polskar Boda, polskar Orsa, pols ta Røros, springar ta Valdres. Dalili a fili yake. Ba wanda ake nunawa a ce shi ya ƙago ta, kuma a da ba a zama a koyar da ita. Yaro yana gefe yana kallon manya a wurin biki, wata rana goggonsa ta jawo shi tsakiya, shi ke nan ya shiga. Abin da aka koya ta haka yana bin jiki sosai, amma in biki ya sauya salo sai ya ɓace ko sawu bai bari ba. Haka ta faru a sassa da yawa na Suwidin, inda sababbin raye-raye suka ture polska, har sai da masu bincike irin su Johan Larsson a Dalarna da Göran da Inger Karlholm a Jämtland suka bi tsofaffi gida-gida, suna roƙonsu su tashi su nuna yadda ake takawa a ƙuruciyarsu. Norwe ta fi sa'a, don a wurare irin su Telemark da Setesdal da Røros igiyar ba ta tsinke ba, kuma cibiyar da Egil Bakka ya jagoranta a Trondheim tun 1973 ta ɗauki ɗimbin masu rawa a fim. Makaɗi dai yana cin gadon mutum da sunansa, mai rawa kuwa gadon gari yake ci. Na farko ya fi sauƙin bin diddigi, na biyu ya fi yawan magada, ya kuma fi saurin salwanta.

Amma rumbun makaɗi yana da ɓaraka, kuma a nan ne sikeli ya fara karkata ɗaya gefen. Bugu ukun nan na polska da springar, a wurare da yawa ba tsawonsu ɗaya ba. A springar ta Telemark na farko dogo ne, na biyu matsakaici, na uku gajere. A ta Valdres kuwa na farko ne gajere, na biyu dogo, na uku matsakaici. Rubutun kiɗa na Turawa an gina shi ne a kan bugu masu tsawo ɗaya, don haka iyakarsa ya rubuta uku-uku ya yi shiru a kan saura. A 1901 tsohon makaɗi Knut Dahle na Tinn, wanda ya ji kiɗan Myllarguten da kunnensa, ya rubuta wa mai tsara kiɗa Edvard Grieg yana tsoron kada kaɗe-kaɗen su bi shi kabari. Aka haɗa shi da Johan Halvorsen, gwanin goge a Kristiania, wato Oslo ta yau, ya rubuta guda 17, Grieg kuma ya mai da su na fiyano. Aiki ne babba, ya kai kiɗan ƙauye manyan zaurukan Turai. Duk da haka, wanda ya ɗauki takardar ya guga abin da ke cikinta sak, alhali bai taɓa ganin rawar ba, mutanen Telemark za su saurare shi cikin ladabi, amma da wuya wani ya miƙe.

Abin da takarda ta kasa riƙewa, gwiwa ta riƙe shi. Masu rawa a ƙasashen biyu suna da kalma guda, svikt, wato saukar jiki da tashinsa a kan gwiwa da idon sawu yayin da ake takawa. Kowace rawa da irin nata: wata sau biyu jiki ke sauka a cikin bugu uku, wata sau uku, wata saukar mai zurfi ce, wata kuwa da ƙyar ido ke kama ta. Masanin Norwe Jan-Petter Blom ya nuna yadda bugun kiɗan yake tafiya tare da wannan sauka da tashi. Mai rawa ba ya zama yana lissafi, jin abin yake kamar yadda mai daka take jin lokacin da taɓarya za ta dawo hannunta. Sai dai kada a zarce wajen yabon ƙafa. Mai rawa ya san nauyin bugu, amma ba lallai ya san abin da ya raba wannan kiɗa da wancan ba; zai iya shekara goma yana taka polska bai iya rera ko guda daga farko zuwa ƙarshe ba. Shi ƙashin yake riƙe da shi, tsokar tana wajen makaɗi.

Abu na gaba shi ne kaɗaici da jama'a. Goge abokin hira ne ga wanda ba shi da kowa. A ƙasar da sanyi kan kulle mutane a ɗaka wata da watanni, rana ta faɗi wajen ƙarfe uku a watan Disamba, mai goge yana iya rufe ƙofa ya yi sa'o'i shi kaɗai, kowace sa'a kuma tana ƙara masa. A al'adar hardingfele ma makaɗi ɗaya ne ke ɗaukar dukan masu rawa, ba ganga, ba mataimaki. Har akwai kaɗe-kaɗen da aka yi don sauraro kawai, kuma tun da gwanin goge Ole Bull ya hau da Myllarguten dandamali a Kristiania a 1849 aka ga kiɗan zai iya rayuwa a gaban mutanen da ke zaune a kujera. Wanda ba ya son zaman shi kaɗai kuwa Suwidin ta tanadar masa spelmanslag, ƙungiyar masu goge ta gari, inda sabon shiga zai tsaya a baya ya fake cikin sautin na gaba. A Kaustinen ta Finlan, Mauno Järvelä ya gina hanyar koyar da yara da ake kira Näppäri a kan wannan tushe: ƙarami da babba, gwani da ɗan koyo, duk a sahu ɗaya.

Mai rawa ba shi da wannan zaɓi. In aka cire halling, rawar samarin Norwe da mutum ɗaya ke yi har ya daka tsalle ya harbo hula daga kan sanda, mafi yawan saura na mutum biyu ne, hannu ɗaya kuwa ba ya ɗaukar jinka. Yana bukatar abokin rawa, da daɓe, da mai kiɗa, abu uku da ba kullum suke haɗuwa ba. Amma wannan takurar ita ce kuma makarantarsa. A juyin polska kowa yana ba ɗan'uwansa amanar nauyinsa. In ɗaya ya ja da yawa ko ya saki da yawa, duka biyun ne za su watse. Kuskuren mai rawa ba ya kwana, nan take jikin abokinsa zai gaya masa, alhali mai goge a ɗakinsa zai iya shekara yana maimaita kuskure guda ba wanda ya ce masa kanzil. Shi ya sa a azuzuwan yau akan riƙa sauya abokin rawa, don kada mutum ya saba da riƙo ɗaya ya ɗauka ya iya.

Mai karatu Bahaushe zai ce akwai abin da ba a taɓo ba, kuma da gaskiyarsa. A wurinmu 'yan mata na gaɗarsu, maza na tasu rawar, riƙon namiji da mace a bainar jama'a kuwa ba tarbiyyarmu ba ce. Ga mutane da yawa wannan kaɗai ya isa ya rufe ƙofar ƙafa, sai fa in miji da mata ne, ko mace da mace, wanda ake gani a wurarensu ba tare da kowa ya ɗaga ido ba. Abin lura shi ne su ma can sun sha wannan muhawara. A ƙarni na 19 guguwar farfaɗo da addini ta ratsa ƙauyukan Norwe da Suwidin, masu wa'azi suka yi wa goge da rawa da giya kuɗin goro, makaɗa da yawa suka ajiye sana'ar, wasu har suka ƙone gogensu. Wanda ya san irin kallon da ake yi wa goge a ƙasar Hausa saboda alaƙarsa da bori ba zai yi mamaki ba. Da hannun da ƙafar, babu wanda ya tsira daga zargi.

Tatsuniyoyinsu ma sun ba kowa kasonsa. A Norwe ana ba da labarin fossegrim, aljanin da ke zaune inda ruwa yake zubowa daga kan dutse, wanda ke koyar da goge in an kai masa cinyar nama. In naman ya rame, ɗaurin tsirkiya kawai zai koya maka. In ya yi tsoka, sai ya kama hannunka ya yi ta jan sa a kan tsirkiya har yatsu su yi jini, daga nan ba mai kama ƙafarka. A Hårga ta lardin Hälsingland a Suwidin kuwa labarin na masu rawa ne: samari da 'yan mata suna rawa ranar Asabar da dare, baƙon makaɗi ya shigo, ba su lura da kofato a ƙafarsa ba sai bayan bakin alƙalami ya bushe, ya ja su har kan dutse, suka yi ta juyi suka kasa tsayawa har suka hallaka. In aka haɗa labaran biyu sai a ga yadda mutanen suka ɗauki abin. Makaɗi shi ke zuwa neman sirri, ya biya, ya dawo da iko. Mai rawa kuwa shi ake ja. Kiɗa ilmin 'yan kaɗan ne, rawa kuwa rabon kowa ce, da daɗinta da haɗarinta.

Ta fuskar gwaji da shaida, ƙofofin biyu sun kusa yin kunnen doki. Mai zane Anders Zorn ne ya shirya gasar makaɗa a Gesunda a 1906, da ya ga abin yana neman mutuwa, kuma tun 1933 ake ba da lambar da ke ɗauke da sunansa. Mai nema zai bayyana gaban alƙalai ya kaɗa kiɗan yankin da ya koya. Akwai ta tagulla, akwai ta azurfa, wanda ya sami azurfa kuwa ya zama riksspelman, makaɗin ƙasa. Ta zinariya ba a nemanta, ba da ita ake yi. Masu rawa su ma suna da lambar polska tun ƙarshen shekarun 1960, ga kuma gasar rawar hambo da aka fara a 1965 daga filin Hårga ɗin nan na tatsuniya. A Norwe an yi gasar hardingfele ta farko a Bø ta Telemark a 1888, kuma babbar gasar ƙasa, Landskappleiken, tana haɗa masu kiɗa da masu rawa a taro ɗaya. Bambancin ɗan kaɗan ne amma akwai darasi a ciki: makaɗi galibi shi kaɗai yake shiga gaban alƙali, mai rawa kuwa ko ya fi kowa iyawa rabin nasararsa tana hannun wani, kuma ba zai ɗaga ƙafa ba sai makaɗi ya ɗaga izga.

Saura shekaru. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, wannan kuwa ya fi kama makaɗi: wanda ya fara goge yana ɗan shekara 7 yana da abin da wanda ya fara yana da 50 zai daɗe bai kamo ba. Rawa ta fi karɓar wanda ya makara, tunda duk mai iya tafiya ya riga ya mallaki rabin kayan aikin. Amma in girma ya zo lissafin yakan juye. Gwiwa da ƙugu sukan riga yatsu gajiya, jiri kuma ya ƙaru, alhali tsohon makaɗi yana iya zama a kujerarsa ya yi ta gugawa. Ƙafa tana karɓar baƙo da wuri, ta kuma sallame shi da wuri. Hannu yana jan rai kafin ya karɓa, amma in ya karɓa ba ya saki.

To, an jera. Hannu ya fi tsada, ya fi jinkiri, ya fi salsala da rubutu, ya fi jure kaɗaici da tsufa. Ƙafa ta fi araha, ta fi saurin buɗewa, ta fi dogaro da mutane, ita ce kuma ke riƙe da sirrin bugun. In ana tambayar wanda zai zauna da mutum har ƙarshen rayuwarsa ne, goge ya ci. In kuwa ana tambayar wanda za a fara da shi ne, a ganina ƙafa ce, kuma shaidata a wajen makaɗan kansu take. A dubi mai hardingfele yana kiɗa: a zaune yake, amma ƙafafunsa ba sa hutawa, dukan daɓe suke, kuma wannan dukan cikin kiɗan yake. Mai gogen Suwidin ma yana taka bugu na ɗaya da na uku, daidai inda masu rawa ke sauke ƙafa in suna tafiya kafin su shiga juyi. Ashe gwanin makaɗi mai rawa ne da aka zaunar. Wanda ya yi 'yan watanni a daɓe kafin ya ɗauki izga, ko ya haɗa su tare, zai zo wa malaminsa da abin da malamin ba zai iya faɗa masa da baki ba. Wanda ya fara da takarda kuwa zai yi shekaru yana laluben abin da gwiwarsa za ta gaya masa cikin makonni.

Masu riƙe da al'adar ma ba su yarda a raba hanta da jini ba. Cibiyar Eric Sahlström da ke Tobo, wadda aka kafa a 1998 da sunan mutumin da ya farfaɗo da nyckelharpa, a gida ɗaya take koyar da kiɗa da rawa. Da UNESCO ta shigar da al'adar kwarin Setesdal cikin jerin gadon ɗan Adam a 2019, kiɗa da rawa da waƙa ta rubuta a layi ɗaya. Wanda kuma ƙofar rawar bibbiyu ta rufe masa, saboda addini ko rashin aboki ko rashin daɓe, bai rasa hanya ba. Mutanen suna da abin da suke kira trall, wato rera kiɗan da baki ba tare da kalmomi ba, wanda a da in babu mai goge a kusa shi ake yi wa masu rawa. Ba ya cin kuɗi, ba ya bukatar abokin riƙo. Mutum ya rera, ya taka shi kaɗai a tsakar ɗakinsa, ɗaya, uku, ɗaya, uku, yana barin gwiwa ta sauka inda kiɗan ya yi nauyi. Mu mukan ce in kiɗa ya canza rawa ma sai ta canza. A Telemark da Valdres, inda bugu ɗaya yakan miƙe kamar yana jiran gwiwa, da wuya a ce ga wanda ya fara canza wani.